Ɗanyen Hoton Ɗaga-Haɓa

A layin da ke bayan ofishin katin shaida akwai wani ɗan shago, faɗinsa bai fi taku huɗu ba, a tsakanin mai gyaran agogo da mai buga takardu. Mai shagon ya shekara talatin da bakwai yana ɗaukar hoton fasfo, kuma duk layin ba wanda ke kiransa da wani suna sai Ɗaga-Haɓa. Abin da yake fara gaya wa duk wanda ya zauna a kujerarsa ke nan, ko da haɓar mutum tana kallon rufin ɗaki. "Ɗaga haɓa. Sauke kafaɗa. Kunne biyu nake son gani, ba ɗaya da rabi ba." Matarsa ma, ranar da ya ɓata mata rai, da wannan sunan take kiransa.

Ba wani tarkace a shagon. Farin labule, jan labule, kujera marar majingina, fitilu biyu masu lema, sai madubi da mataji da aka ɗaure da igiya don kada ya bi wani gida. Ainihin aikin a bayan labule yake, a kan wani tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya da aka tokare da kwali. A nan yake gyara. Tun zamanin fim ya koyi gyaran a wajen maigidansa, da fensir mai tsini kamar allura: a share ƙurji, a dushe tabo, a ɗan buɗe idon da ya fi ɗan'uwansa ƙanƙanta. Da kwamfuta ta zo sai abin ya zame masa wasan yara. Ba ya tambayar kowa ko yana son a gyara. Mutum ya karɓi hotonsa ya duba ya ce, "Kai, ashe haka nake!" shi kuma ya ce, "To da yaya kake?"

Yana da ƙa'ida guda da ya gada daga maigidan nasa: ɗanyen hoto ba ya kwana a shago. A da, bugun gwaji yakan yayyaga shi ƙanana kafin ya rufe ƙofa. Yanzu maɓalli ɗaya yake dannawa. Ya ce asirin mutane ne, kuma mai hoton da ke ajiye ɗanyen aiki bai san darajar sana'a ba. Shi ya sa ya tsani injin da aka kafa a ofishin katin shaida, wanda ke ɗaukar mutum yadda ya zo, da guminsa da komai, ya manna a roba. In aka nuna masa irin katin sai ya riƙe shi da yatsu biyu ya ce, "Wannan ba hoto ba ne, tonon silili ne."

To shi ma kansa yana da abin gyara. Gefen bakinsa na hagu ya ɗan sauka, kaɗan dai, kuma da shi uwarsa ta haife shi. Hoton farko da ya taɓa sa wa fensir yana ɗan koyo nasa ne. Tun da ya sami shagon kansa kuwa, duk shekara in ranar da ya buɗe shi ta zagayo, yakan sa kaya masu kyau, ya saita kyamara, ya ruga ya zauna, sannan ya shiga bayan labule ya ɗaga gefen bakin ya daidaita shi da na dama. Hotunan suna jere a wani albam mai baƙin bango. Duk wanda ya ce masa bakinsa a karkace yake ya ja wa kansa faɗa. "Idonka ne a karkace," abin da zai ji ke nan, har mutane suka daina faɗa. In an ɗaga waya za a yi hoto a taro, sai ya juya gefen dama ko ya fake da tari. Wanzami dai ba ya son jarfa. 'Ya'yansa huɗu sun girma sun watse, kowanne da hoton uba a bangon falonsa, kuma duk daga albam ɗin aka bugo.

Sai wani ƙullutu ya fara fito masa a ƙasan kunnen hagu, gaba kaɗan, kamar ƙwayar gyaɗa a ƙarƙashin fata. Ba ciwo, ba zafi. Ya share shi a hoton shekarar, ya share a na shekara mai zuwa, ya yi ta sharewa har abu ya kai girman lemon tsami, igiyar kyamara ta fara gogarsa. Matarsa tela ce, kayan 'yan makaranta take ɗinkawa a falo, idonta ya saba da awo. Ta yi magana har bakinta ya gaji. Abin da ya kai shi asibiti wata tsohuwa ce da ta zo hoton fansho. Ya ce mata kunne biyu yake son gani, ta ƙare masa kallo ta ce, "Ɗan nan, kai naka ai uku ne." Mai gyaran agogo ya ji, kafin yamma duk layin ya ji.

Likitar da aka tura shi wajenta ta kunne da hanci da maƙogwaro ce, mace mai ɗan jiki, ba ta da yawan magana. Ta taɓa ƙullutun, ta motsa shi da yatsu biyu, ta leƙa bakinsa da tocila. Ta tambaye shi tun yaushe, ya ce bai wani daɗe ba. Ta ce a wurin nan ne naman da ke haɗa yawu yake, inda hangum ke kumbura wa yara, kuma ƙari ne ya fito a cikinsa. Yawancin irinsa ba mugu ba ne, amma akwai mugun. Ko wanne ne sai an cire, sai dai ba a shiga da wuƙa a makance, domin jijiyar da ke motsa rabin fuska ta tsakiyar naman nan ta ratsa, ta rarrabu kamar yatsun hannu, reshe zuwa goshi, reshe zuwa fatar ido, reshe zuwa leɓe. Don haka sai an yi hoton ciki, an kuma ɗebo kaɗan da allura an duba.

Sannan ta ce ya ɗaga gira. Ya runtse ido. Ya kumbura kumatu. Ya nuna haƙora. A nan ta tsaya, ta ɗan ja kujerarta baya.

"Baba, bakin nan naka, dama haka yake ta hagu?"

"Haka yaya?"

"Ya ɗan sauka."

"A'a," in ji Ɗaga-Haɓa. Amsar ta fita kafin ya yi tunani, yadda ta saba fita shekara da shekaru. "Bakina daidai yake."

Ta rubuta wani abu a fayil. Ta ce in yana da tsofaffin hotuna ya zo da su ranar karɓar sakamako. Tsofaffin hotuna! Ya fito yana murmushi, a ransa yana cewa faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ɗakin sikanin, inda ake ɗaukar hoton cikin jiki, duhu ne, wannan ya burge shi, ya tuna masa ɗakin wankin fim. Mai sikanin ya shafa masa wani abu mai sanyi da santsi, ya dinga yawo da kan na'urar a ƙasan kunnensa, hoto toka-toka yana motsi a allo. Ɗaga-Haɓa ya saci kallo, ya kasa haƙuri.

"Ɗan'uwa, haskenka bai isa ba. Wannan in ni na miƙa wa mutum, ai sai ya jefe ni da shi."

"Malam, mu na ciki muke ɗauka, can ba fitila," in ji mai sikanin. "Daina motsi. Ɗaga haɓa."

Ya ɗaga.

Allurar siririya ce, ba ta kai ta ɗibar jini kauri ba. An soka ta a ƙullutun, aka ɗan jujjuya, aka zare, aka ɗiga abin da ta ɗebo a kan 'yan gilasai aka shafe, aka kai ɗakin gwaji. Bayan kwana uku aka sa shi a babban injin nan da ake zura mutum ciki kamar burodi a tanda, ya kwanta rabin awa yana jin ƙara kamar kafinta na aiki a cikin kansa. Duk wannan bai dame shi ba. Hankalinsa na kan albam, har bangon ya goge da tsumma.

Ranar sakamako shi kaɗai ya je, makarantu sun kusa komawa, ɗinki ya yi wa matarsa yawa. Likita ta ce allurar ba ta raba gardama ba. Jini ya yi yawa a abin da aka ɗebo, ƙwayoyin naman kaɗan ne, mai duba su ya ƙi rantsuwa a kansu. Hoton babban inji kuma ya nuna ƙarin ya jingina da hanyar jijiyar, iyakarsa ta fito sarai ta ko'ina ban da gefe ɗaya. Sai ta buɗe albam. Ta bi shi shafi-shafi, daga saurayi mai suma zuwa dattijo mai furfura, talatin da bakwai cif, kowanne baki a miƙe kamar an ja da rula. Ta daɗe a kan na ƙarshe.

"Wannan na yaushe ne?"

"Wata biyar ke nan."

Ta dubi hoton, ta dube shi, ta rufe alƙalaminta.

"Baba, zan gaya maka gaskiya. Wata biyar da suka wuce ba ƙullutu a nan, bakinka kuma a miƙe. Ƙarin da ya yi wannan girman a wata biyar, har ya fara taɓa leɓe, ba na son shi. Wanda ba mugu ba ba ya gaggawa, kuma ba ya cin jijiya, sai dai ya ture ta gefe. Za mu sake allura, mai kauri wannan karon. Amma ka shirya. In mugun ne kuma ya kama jijiyar, tare za mu cire su. Rabin fuskar zai saki. Idon hagu ba zai ƙara rufuwa da kansa ba."

Idon hagu. Shi ne idon da yake rufewa duk sanda ya kai kyamara fuska, sau ɗari a yini. Tsoro ya kama shi. Ya buɗe baki zai ce, "Likita, ai gyara ne," sai kunya ta hana shi. Dattijo mai jikoki, a ce ya shekara talatin da bakwai yana shara wa kansa ƙarya a takarda? Ya rufe albam, ya karɓi takardar yarda da aiki da aka ce ya je ya karanta da iyalinsa, ya yi godiya ya fita. Wauta ce, ba wani suna da za a ba ta.

Bai wuce gida ba. Shago ya koma, ya rufe ƙofa da tsakar rana, ya tsaya gaban madubi. A nan ya gane cewa ko ya koma ya faɗi gaskiya, ba za ta wadatar ba. E, bakin a karkace yake tun asali. Amma nan ya tsaya, ko ya ƙaru? Bai sani ba. Shekarun nan duka, in zai duba madubi sai ya riga ya ɗame gefen bakin sama kafin idonsa ya sauka a kai. Yau ya saki fuskar, ya ga wani mutum da ba su saba ba. Ya birkice kwamfuta, ya zazzage akwatunan fim da ke ƙarƙashin tebur, ya ɗaga nagatif ɗaya bayan ɗaya a gaban fitila, kowanne da zanen fensirinsa a gefen baki. Mutumin da ya ɗauki fuskar rabin gari ba shi da ɗanyen hoton kansa ko ɗaya. Mai gyaran agogo ya ƙwanƙwasa sau biyu, bai buɗe ba.

Ya sami matarsa a falo tana taka keke, tef a wuya, alli a bayan kunne. Ya ajiye takardar a kan yadin da take ɗinki, ya zauna, ya gaya mata komai, har da zancen albam. Ta ɗauke ƙafa daga kan keken.

"Albam ka kai mata? Wancan albam ɗin?"

"Hotuna ta ce."

"Hotunanka ta ce, Malam, ba na kyakkyawan ƙanin nan naka da kake ajiyewa ba. Haba, Ɗaga-Haɓa! Yau ranar wanka, kai kana ɓoyon cibiya?"

"Ke, ki bari. Ko na gaya mata, da me zan nuna? Ni kaina ban san yadda yake a da ba."

"Ni na sani. Da wannan bakin ka zo neman aurena. Yayata ma sai da ta ce in duba da kyau, na ce na duba."

"Maganarki ai ba hoto ba ce."

Ta ja tsaki, ta jawo durowar keke. Cike take da ragowar zare, kowane launi an naɗe shi a jikin wani abu mai faɗi, domin ita ba ta zubar da zare ko na taku ɗaya ne. Ta ɗauki shuɗin ta fara warwarewa. Da zaren ya yi ƙasa sai goshi ya bayyana, sai ido, sai baki. Tsohon lasin tuƙinsa ne na shekara ashirin da biyu baya, wanda injin ofis ya ɗauka. Duk katin da ya ƙare yakan miƙa mata ya ce ta ƙona wannan abin kunya, ita kuwa ta ga roba ce mai ƙwari, ba ta lanƙwashewa, ta dace da naɗin zare. Ta warware jan, ta warware farin, ta warware wani ruwan toka. Kati huɗu ta jera a kan yadin, zare ya taru a cinyarta ya cukurkuɗe.

Ya sunkuya ya duba. Kai, munanan hotuna! Haske daga sama, goshi na ƙyalli, haɓa a ƙasa, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya.

"Na ce ki ƙona su."

"Ka ce. Abu nawa ka ce?"

Washegari tare suka je. Ba ranar ganin likitar ba ce, amma matar ta zauna a bencin bakin ƙofa ta ce ba inda za ta sai an gan su. Likita ta jera katunan bisa shekarunsu, ta ɗauko gilashin ƙara girma. A na farko ba ƙullutu, amma ga bakin nan a sauke. A na biyu, shekara goma sha uku baya, ɗan tudu a ƙasan kunne. A na uku ya ƙaru, a na huɗu ya ƙara, a hankali, ba gaggawa. Bakin kuwa bai motsa ba. Yadda yake a katin farko haka yake a fuskar da ke zaune gabanta.

"To wancan albam ɗin fa?"

Ɗaga-Haɓa ya tsura wa takalminsa ido. Matarsa ce ta amsa.

"Mai hoto ne, Likita. Gyara yake yi."

A katinsa na asibiti "mai shago" aka rubuta, shi ma bai taɓa ƙarin bayani ba. Likita ta ajiye gilashin. Ba ta ɗaga murya ba, amma ranta ya ɓaci, ba ta kuma ɓoye ba.

"Baba, tun jiya nake shirya maka aikin da ba naka ba. Duk abin da muke yi a nan, da sikanin da allura da babban injin, don mu ga abu yadda yake ne kafin mu taɓa shi. Kai kuma ka kawo mana yadda kake so ya zama." Ta girgiza kai. "Hannunka dai yana da kyau. Ban ga alamar gyara ko ɗaya ba."

Abin haushi, wannan ta ƙarshen ta yi masa daɗi.

Ta ce katunan sun sauƙaƙa zance amma ba su ƙare shi ba, allura ta biyu tana nan. An kashe masa wurin, mai sikanin ya riƙe na'urarsa yana nuna wa allurar hanya a allo har ta shiga tsakiyar ƙullutun, ta yi ƙas, ta fito da ɗan sillen nama. Aka sake sau biyu. Kwana goma ya jira. A cikinsu ya buɗe shago kullum, ya ci gaba da share wa mutane ƙurji da tabo yadda ya saba, sai dai yakan daɗe da kyamara a fuska bayan ya gama ɗauka, idon hagu a rufe. Sakamako ya zo: irin mai tafiyar hawainiya ne, ba mugun ba. Za a cire shi da naman da ke kewaye da shi, a bi jijiyar reshe-reshe a bar ta a wurinta. Likita ta ce duk da haka jijiya ba ta son taɓi, tana iya yin fushi ta yi sanyi na wasu makonni, wani lokaci ma ta ƙi dawowa, ba za ta yi masa alkawarin da ba nata ba. Ya sa hannu a sabuwar takarda. Matarsa ta karɓi katunanta, ta ce zarenta na jira.

Ana gobe aiki likita ta ɗauki fuskarsa da wayarta don fayil, a tsaye jikin bango, ƙarƙashin fitilar rufi: gira a ɗage, ido a runtse, haƙora a waje. Ya daure iya daurewa, sannan ya ce, "Ki ɗan sauke wayar, ta zo daidai ido." Ta sauke. Bai ce a nuna masa ba.

An shiga da shi da safe, aka fito da shi bayan awa huɗu, kai naɗe da bandeji, wata 'yar roba na tsotse jini daga bayan kunne. Da yamma, bayan maganin barci ya sake shi, wata nas da ta karɓi aiki a lokacin ta zo duba shi. Ba ta taɓa ganinsa ba. Matarsa na tsaye a ƙarshen gado, ta riƙe ƙarfen da hannu biyu.

"Baba, ɗaga gira."

Suka ɗagu, duka biyun.

"Rufe ido."

Suka rufu. Ya buɗe, sannan ba wanda ya sa shi, ya rufe na hagu shi kaɗai, ya bar na dama yana kallon fankar rufi. Ya rufu ruf. Ya sake gwadawa, ya rufu.

"Nuna mini haƙora."

Ya nuna. Nas ɗin ta haɗa gira, ta matso kusa.

"Gefen hagu ya sauka. Bari in kira likita."

"Tsaya, 'yata," in ji matarsa.

Ta zagayo, ta sunkuya, ta ɗaga masa haɓa da yatsa ɗaya, ta auna da idon nan nata na tela, dama da hagu, hagu da dama. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Kira ta in kina so, amma ba abin da ya same shi. Alhamdu lillahi, nasa ne. Haka na aure shi."

Ɗaga-Haɓa yana ji. Bai ce idon kowa ne a karkace ba, ya bar bakin yadda yake.